Firinsifal ɗin da Ya Kori Ɗansa

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, mai riƙe biro da mai riƙe lauje duk ƙofa ɗaya. Mahaifina ya rasu ranar Talata da hantsi a gidanmu da ke ƙasar Makarfi, aka yi masa sutura bayan la'asar. Tunda nake ban taɓa ganin motoci a garinmu kamar na ranar ba, har bakin gonar rake aka jera su. An zo daga Ikara, an zo daga Hunkuyi da Kudan, an zo daga Zariya da Kaduna. Dattawa masu furfura suna share hawaye da hannun riga, kowa yana cewa shi ɗalibinsa ne. Ba wanda ya ambaci sunansa. Firinsifal suke cewa, kamar ƙasar nan ba ta taɓa yin wani ba.

Ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida, wani mai tabarau da farar shadda ya zo ya zauna kusa da ni. Ya dubi rigata, ya dubi ƙafata, ya ɗauka maƙwabci ne ni.

Ya ce, "Malam, ka san mutumin nan kuwa?"

Na ce na ɗan san shi.

"Ba ka san shi ba. Mutumin nan ɗansa na cikinsa ya kora daga makaranta, a gaban kowa. Yaron ya saci makullin ofis ya ba abokansa suka kwashi takardun jarrabawa. Bai duba jininsa ba ne. Yanzu ina za ka samu irinsu?"

Na ce gaskiya da wuya.

"Ko ina yaron ya ƙare, oho. Irinsu ba sa ƙarewa da kyau."

Na ce yana nan, rake yake nomawa.

Ya ce, "To ka gani." Ya tashi ya shiga sahun masu yi wa ƙannena gaisuwa.

Kafin magariba na ji labarin nan daga bakin mutum ya fi goma. Wasu ba su san ni ba, wasu sun san ni sarai, sai su rage murya kaɗan su ci gaba. A cikin gida ma haka. Malamai mata sun zo a mota guda, suna ta yabo a gaban Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta kusa casa'in, idonta ya tafi amma kunnenta yana nan. Matata ta ce da suka gama, Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Ku yabe shi, 'ya'yan nan. Ba bayanku ya sha ba."

Ni ne yaron. Ni ne ɗan farinsa. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, yau ina da shekara hamsin da 'yan kai, kuma rubutun nan ba don a manta da shi nake yi ba. Ba na son a manta da shi ko kaɗan. Ina so a tuna shi dukkansa.

Da takardar malanta ta Giret Tu ya fara aiki, a wata firamare ta wajen Dandamisa mai ɗaki biyu da bishiyar darbejiya. Can ya zama hedimasta. Daga nan aka kai shi wajen Taba, daga Taba wajen Hunkuyi. Ya koma Zariya ya ƙaro karatu, aka ba shi mataimaki a wata sakandare a ƙasar Ikara, sannan aka ba shi tasa makarantar. Shekara talatin da biyar ya yi yana zagaya ƙasashen Makarfi da Ikara da Kudan, ya ƙare a ofishin ilimi na shiyya, inda ake raba malamai. Makarantun gwamnati ne duk, na 'ya'yan manoma. Kowa ya san halinsu. Rake ya isa sara, aji ya koma rabi. Tumatir ya nuna a fadama, sauran rabin ma ya tafi. Ranar kasuwa malami ya sa hannu a rajista ya zame ta bayan aji. Duk inda makaranta ta lalace har aka rasa mai zuwa, shi ake turawa, kuma sai ta tashi. Wannan gaskiya ce, ban da abin ragewa a ciki.

Yana da agogon hannu mai baƙar fata, da jan biro a aljihun gaba, da keke da yake gogewa da kansa. Shayinsa babu sukari, a ƙasar da ake yin mazarƙwaila. Tun kafin rana ta fito yana tsaye a ƙofar makaranta yana duban agogo. Lokaci na cika zai ja ƙofa, in makarantar ba ta da ƙofa ya gitta gora. Wanda ya makara ya jira a waje har a gama taron safe, wanda muke ce wa asambili. Ɗalibi, malami, duk ɗaya. Na ga ranar da sufeto ya zo daga ofishin shiyya a makare, ya tsaya a rana da jakarsa a hammata, yara suna leƙensa. Mahaifina bai ko waiwaya ba. Maganarsa kullum ita ce, "Ƙofa ba ta san fuska ba." Wata kuma, "Gyara daga gida yake farawa." Ta biyun nan a jikina aka rubuta ta.

A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Mahaifina ya riƙe wannan fiye da kowa. A gida "kai" nake, ko "yaron nan." Wuri ɗaya tak yake kiran sunana, cikakke, nawa da nasa a haɗe kamar yadda yake a rajista. A asambili.

Ga yadda yake aiki. Duk makarantar da aka kai shi, a satin farko zai nemo mini laifi. A Dandamisa farce ne ban yanke ba. A Taba makara na yi, kuma shi ya aike ni in kai wa mai unguwa saƙo da safen. A Hunkuyi maɓallin riga ne ya cire. A Ikara na manta ma ko mene ne. Zai kira sunana, in fito, in kama benci, ya ba ni goma sha biyu da tsumagiya a gaban yara da malamai da iyayen da suka zo ganin sabon shugaba. In ya gama sai ya dube su ya ce, "Wannan nawa ne. Kowa ya auna nasa." Daga ranar ba uban da zai zo ƙorafi an taɓa ɗansa, ba malamin da zai makara. Da bayana yake buɗe makaranta. Har ya zama abin raha a bakin malamai. In aka tambaya ko sabon hedimasta ya kama aiki, sai a ce tukuna, bai daki ɗansa ba.

Inna, mahaifiyata, da ta ji an ce takardar canji ta zo, kafin ta fara ɗaure tukwane sai ta aika a sayo man kaɗanya. Sau ɗaya ta sa mini riga biyu. Ya ji ƙarar bulalar ba daidai ba, ya sa na tuɓe, ya sake daga ɗaya. Mutanen gari kuwa cewa suke kunyar ɗan fari ce ta yi masa yawa.

Kada a ce ban faɗi alherinsa ba. Na gan shi ya shiga gonar rake da fararen kaya ya fito da yara shida a gaba, ubansu yana biye yana zage-zage, kuma biyu cikin yaran nan suna cikin waɗanda suka zo da mota ranar jana'iza. Ya koyi gaisuwa da Fillanci don kawai ya riƙa hawa keke zuwa ruga yana lallashin iyaye. Da iska ta yaye kwanon aji a Taba, ofishinsa ya ba yara, ya fitar da teburinsa gindin bishiya har damina ta wuce. Wata yarinya ta faɗi a aji, shi ya goya ta a keke har asibiti. Yana da tausayi. 'Ya'yan mutane ya raba wa.

Makarantar da aka fara ba shi a matsayin firinsifal, a ƙasar Makarfi take, ba zan faɗi sunanta ba. Shugabanni sun gudu daga cikinta kafin shi, don manyan gari ke juya ta. Ina aji uku. A ƙarshen zangon farko aka kama takardun jarrabawa a hannun yara biyu na ajin ƙarshe, kwana biyu kafin a zauna. Ɗaya ɗan dagaci, ɗaya ɗan wani mai motocin ɗaukar hatsi. Da yamma dattawa suka cika zaurenmu, dagaci da kansa, da liman, da rago a ɗaure a waje. Ni na kawo musu ruwa. Ya saurare su har suka gama, ya ce su koma da ragonsu, su zo asambili da safe.

Suka zo, aka sa musu kujeru. Ya kira sunan na farko, ya kira na biyu. Sai ya kira nawa. Na fito ina neman benci da ido, a zatona bulalar ce zai ƙara. Babu benci.

Ya ce, "Makullin ofis a gidana yake kwana. Wanda yake kwana kusa da shi, ga shi nan. Na kore shi, na kori waɗannan biyu. Wanda ya zo roƙo ya fara roƙa wa nawa, in na karɓa sai ya kawo nasa."

Dagaci ya naɗe rigarsa ya tashi. Ni kuwa mai gadi ya raka ni ƙofa, ya ja ta a bayana. Ban taɓa makullin nan ba. Ban ma san a wane aljihu yake ba.

Inna mace ce da ban taɓa jin muryarta ta wuce tsakar gida ba. Ranar ta tsaya a bakin ɗakinsa ta ce, "Malam, ka tambaye shi?"

"Ba a tambayar ɓarawo."

"Makullin nan a wandonka yake kwana, wandon a ƙarƙashin filonka. Ni nake wanke wandon."

"Ke, maganar makaranta ce wannan."

Ta tafi gidansu wajen Taba ta yi wata biyu. Ƙannena ne suka dawo da ita, ƙanana ne a lokacin. Ta ci gaba da dafa masa abinci har ta rasu, amma ban sake ganin ta zauna ya ci a gabanta ba.

Gwaggo kuwa a ƙafa ta taso daga Dandamisa. Ita kaɗai ce a duniya take ce masa auta. Ba ta ko cire mayafi ba ta ce, "Kai auta, Annabi Ibrahim ma da aka umarce shi ya yanka nasa, rago aka saukar masa. Kai wa ya umarce ka?"

Ya ce, "Yaya, yaran gari guda ne a wuyana."

"Yaran gari guda suna da iyayensu. Wannan kai kaɗai gare shi."

Ya dubi agogo ya ce yana da taro da malamai.

Kafin wata ya cika, yaran nan biyu iyayensu sun samo musu makaranta a Zariya. Suka gama, suka wuce gaba. Kawuna ya samo mini wuri a Kudan, abin da ya rage takardar canjin makaranta, kuma firinsifal ne ke sa mata hannu. Ya ce ɗansa ba ya bin ƙofar baya. Karatuna ke nan.

Makarantar ta tashi, kowa ya shaida. Labarin ya bazu har ofishin shiyya, aka riƙa ba shi manyan makarantu, aka riƙa kiransa ya yi wa sababbin shugabanni jawabi. Ƙannena ba wanda ya taɓa kama benci a satin farko. Ba a buƙata. Labarina yana riga shi isa duk inda aka tura shi. Suka yi karatu lafiya, ɗaya likita ne a Kaduna, ɗaya yana koyarwa a Zariya, matan ma duk da takardunsu. Ba na yi musu hassada. Na dai san da me aka share musu hanya.

Ni na shiga rake, sara da ɗauri da lodi, daga baya na samu 'yar gonata da rumfar dafa mazarƙwaila. A can aka sa mini suna Makulli. Da wasa aka fara, ya bi ni. Yau akwai yaran da ba su san ina da wani suna ba. Ƙungiyarmu ta manoman rake tana da sito, an zagaya da makullinsa hannun kowa, ban da ni. Ɗakin injin wuta na masallacin unguwa haka. Ba wanda ya taɓa ce mini ga dalili, sai dai a ce, "Bar shi, kai aikinka da yawa." Da na je neman aure, baffan yarinyar ya tambayi waliyyina a gabana ko na daina ɗauke-ɗauke. Ban taɓa ɗaukar allurar wani ba.

Ina da shekara talatin injin matse rake ya kama mini hannun dama, ya tafi da yatsu biyu. Washegari sai ga mahaifina a asibiti, a kan babur ɗin ofis. Ya zauna a bakin gadon tun hantsi har la'asar, abin da bai taɓa yi ba, ya bar aiki. Ya aika aka damo fura, ya riƙa ba ni da ludayi da hannunsa, yana goge mini haɓa da hankicinsa. Ina kwance ina cewa a raina yau ce ranar, yau zai yi magana. Da zai tafi ya ɗaga hannun da aka naɗe ya duba, ya ce, "Da ka tsaya ka yi karatu, da biro hannun nan yake riƙewa." Ya ajiye shi a hankali don kada ya fama mini.

Shekara biyu kafin ya rasu ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙannena suka kawo magani da keken guragu, suka koma bakin aikinsu. Ni ke kusa. Ni nake juya shi, ni nake yi masa wanka da aski, ni nake fitar da fo. Agogon yana nan a hannun mai lafiya. In na shigo da safe sai ya duba ya ce, "Kai, ka makara minti bakwai." Kansa bai taɓa gushewa ba. Ya san ranar da aka ba shi kowace makaranta, ya san sunan kowane masinja.

Saura kwana huɗu ya rasu, da hantsi, na gama shafa masa mai. Matata ta kawo kunu, ya ce ta ajiye ta fita ta ja ƙofa. Ina durƙushe ina matse tsumma sai na ji sunana. Cikakke, nawa da nasa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, hannuna a gefe, da furfurata.

Ya ce, "Ta taga suka shiga."

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Yaran nan biyu. Ta tagar baya. Ni na fara isa ofis da safen, na tarar da sakata a ƙasa. Na ɗauki dutse na mayar da ƙusoshin kafin masinja ya zo."

Na ce, "Ashe ka san ban taɓa makullin ba."

"Makulli bai bar aljihuna ba."

"To me ya sa, Baba?"

"Da su biyu kaɗai na kora, kafin sati an mayar da su, ni an ɗauke ni. Makaranta ta mutu ke nan. Ka ga yadda ta zama?"

Na ce na gani. Na tsaya ina jiran sauran maganar. Kalma uku ce, ka yafe mini, yaro ma ya iya ta. Na ji kaza tana tono a bayan ɗaki, na ji ana daka a maƙwabta. Ya ce, "Gyara mini filon nan."

Na gyara. Na ce, "Baba, bari in kira ƙannena a waya ka faɗa suna ji."

Ya rufe ido ya ce, "An rufe wannan fayil."

Na yi ta tunanin me ya sa ya faɗa mini. Ba don ni ba ne. Mutum ne da ba ya barin tebur da takarda a kai. Ya ga tafiya ta zo, ya sauke kayansa a inda ya saba saukewa.

Ni na shiga kabarin na karɓe shi, ni na kwantar da shi a kan damansa. Bai fi nauyin damin rake biyu ba. Da aka gama rufewa liman ya ce duk wanda marigayi ya saɓa wa ya dubi Allah ya yafe masa. Maƙabarta ta ɗauka gaba ɗaya, mun yafe, mun yafe. Waɗanda ya tsayar a rana minti ashirin suka yafe da babbar murya. Ni bakina a rufe yake. Da na shiga gida Gwaggo ta laluba ta kama hannuna, mai yatsu ukun, ta ce, "Ɗan nan, ka yafe?"

Na ce, "Tukuna, Gwaggo."

"Allah yana ganinka."

"Shi ma ya gan shi."

Ba ta saki hannun ba.

Ranar sadakar uku ɗan dagacin nan ya zo. Yanzu Alhaji ne, da direba, shi ne ma shugaban tsofaffin ɗaliban makarantar da aka kore shi. Ya yi jawabi ya ce korar nan ita ta gyara masa rayuwa, ya ce za su gina ɗakin taro da sunan Firinsifal, a kafa allo a bango a rubuta labarin yadda ya kori ɗansa, don 'yan baya su koya. Aka yi ta kabbara. Da aka watse na ja shi bayan rumbu.

Na ce, "Alhaji, ta ina kuka shiga?"

Ya yi dariya. "Makulli, har yanzu?"

"Ta ina?"

Ya duba hagu da dama. "Ta taga mana. Yarinta ce. A bar kaza cikin gashinta."

"Ka faɗa a gaban mutane."

Dariyar ta tafi. Ya ce, "So kake in tozarta mamaci ranar sadakar ukunsa? Kai wane irin ɗa ne?" Ya kakkaɓe rigarsa inda ta taɓa rumbu, ya tafi wurin motarsa.

Da yamma na tara ƙannena a zaure na faɗa musu abin da Baba ya faɗa. Likitan ya ce, "Yaya, ka san ciwon nan yana taɓa tunani. A ƙarshe-ƙarshen nan ba komai Baba yake faɗa daidai ba." Mutumin da yake ƙirga mini minti bakwai. Na Zariya ya ce ko ma mene ne ya wuce, sunan Baba shi ne rufin asirinmu duka. Sannan Baffa, wan mahaifinmu, ya kulle ɗakin marigayi kamar yadda ake yi har a zo rabon gado. Al'ada babban ɗa ake ba makullin. Baffa ya juyo wajena, hannunsa ya tsaya a hanya. Likitan ya miƙa nasa ya ce, "Kawo ya zauna a wurina, Baffa, don gudun magana." Ba wanda ya dube ni. Ɗakin da na yi shekara biyu ina shiga da bokiti ina fitowa da fo.

Babbar 'yata malama ce a wata firamare wajen Hunkuyi. Ni na tsaya ta yi karatu, kakanta kuma yana alfahari da ita, yana kiran sunanta har da na wasa. Sai bayan rasuwar ta faɗa mini cewa an taɓa tara su bita, mai jawabi ya kawo labarin firinsifal da ɓarawon ɗansa, malamai suka yi ta waiwayenta, ta sunkuyar da kai har aka tashi. Ba ta taɓa tambayata ba, tana jin nauyi. Na zaunar da ita na faɗa mata maganar taga da sakata da dutse. Ta daɗe tana kallon hannuna. Ta ce, "Baba, rubuta. Ni zan sa a waya in tura wa tsofaffin ɗaliban, duk inda suke." Na ce za a zage ta. Ta ce an riga an yi.

To ga shi na rubuta. Ku gina ɗakin taronku, ku sa sunansa da manyan baƙaƙe, ya cancanta. Ya tashi makarantun da suka mutu, ya fito da ku daga gonar rake, ni shaida ne, ni na fi kowa sanin kuɗin da aka biya. Amma in za a kafa allon nan, a rubuta cewa yaron bai ɗauki makulli ba, kuma uban ya sani. In ba za a rubuta ba, a karanta wannan takarda sau ɗaya a asambili, a filin da aka kira ni, a gaban yara da malamai, Alhaji yana zaune a kujerar gaba inda ubansa ya zauna. Ba na neman kujera, ba na neman takardar shaida. Zan tsaya a bayan layi in ji.

Allah ya jiƙan mahaifina, ya yalwata masa makwanci, ya saka masa da alherin da ya yi wa 'ya'yan mutane. Rahamar Allah ba a hannuna take ba, kuma ina roƙa masa ita bayan kowace salla. Abin da ke hannuna ɗan kaɗan ne. Bulalar na yafe, duk huɗun. Karatun ma na yafe, da yatsun. Sunan ne ya rage. Ranar da aka karanta takardar nan, daga filin zan wuce maƙabarta in faɗa masa kalmar da bai nema ba. Kafin nan sai ya jira a waje. Shi ya koya mana cewa ƙofa ba ta san fuska ba.